Tsohuwar da ta ce a mayar da ita ƙasarta ta ƙarasa

Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi sunan ƙauyensu ba. Da wannan sharaɗi 'ya'yanta suka yarda a ba da labarinta. A wurin mutanenta, 'yan asalin hamadar tsakiyar Ostireliya waɗanda ake kira Aborijin, idan mutum ya rasu akan ajiye sunansa na tsawon lokaci, wani sa'in shekaru. Ko mai suna irin nasa sai a koma kiransa Kumanjayi har ranar da dangi suka saki sunan. Tsohuwa muke ce mata tun tana raye, kuma a can kiran girmamawa ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren kula da waɗanda ciwonsu ya wuce warkewa. Ina cikin waɗanda suka yi jinyarta, kuma abin da na gani da ido, da wanda ta faɗa ta bakin tafinta, shi zan shaida.

A katin asibiti an rubuta an haife ta 1 ga Janairu, 1950. Ba ranar ba ce. Tsofaffi da yawa a yankin ranar da ke takardarsu ke nan, ko 1 ga Yuli, domin ma'aikacin gwamnati ne ya dube su ya ƙiyasta. A daji aka haife ta, kusa da wani kwarmin dutse da ruwan sama ke kwanciya a ciki. Wannan wuri da abin da ke kewaye da shi shi take nufi idan ta ce ƙasarta. Akwai waƙoƙinsa, akwai labarin kakannin da suka ratsa ta nan, akwai haƙƙin kula da shi da ke wuyanta, kuma can ruhinta zai koma. Duk wanda bai riƙe wannan ba, abin da ya biyo baya zai yi masa kama da taurin kai.

Tana yarinya aka kwaso danginta a mota zuwa ɗaya daga cikin sansanonin gwamnati irin su Papunya, wanda aka buɗe a 1959. Mutanen da suka saba da naman daji da 'ya'yan itatuwa da saiwoyi suka koma layin karɓar fulawa da shayi da sukari. Cututtuka sun kashe da yawa a shekarun farko. A lokacin kuma hukuma tana ƙwace yara, musamman masu hasken fata, abin da aka yi ta yi daga wajen 1910 har cikin shekarun 1970, wanda sai a 13 ga Fabrairu, 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a kansa a majalisa. Ta ce ta ga uwaye suna shafa wa 'ya'yansu gawayi idan an ji ƙarar mota. Ita nata rashin daban ne. Ɗanta na fari ya kamu da gudawa, aka sa shi a jirgi zuwa asibitin birni ba tare da ita ba, bayan makonni aka aiko cewa ya rasu, an binne shi a can. Ba ta taɓa ganin kabarin ba. Tun daga ranar, asibiti a wurinta wuri ne da ake kai mutum ba ya dawowa.

A farkon shekarun 1980 mutanen yankin suka fara komawa yamma suna kafa ƙauyuka a ƙasar kakanninsu, kamar Kintore da aka kafa a 1981. A ɗaya daga cikinsu ta zauna, ta raini 'ya'ya da jikoki, ta yi zanen ɗigo-ɗigo da ake sayarwa a birane, ta zama cikin matan da ake jira kafin a fara bikin mata. Harsuna huɗu take ji, Turanci ne na ƙarshe kuma mafi rauni.

Ciwon suga ya fara kama ta, hawan jini ya biyo, sannan ƙoda. Wannan hanya ce da muka ga mutane da yawa sun bi, domin gazawar ƙoda a ƙauyukan hamada ta ninka ta sauran 'yan ƙasar ninkin ba ninkin. Wankin ƙoda sau uku ake yi a mako, awa huɗu zuwa biyar kowane zama, har ƙarshen rayuwa idan ba a samu dashe ba. Ana haɗa jijiya da jijiya a hannu ɗaya don allurar injin, kuma daga nan ba a auna jini ko ɗiban jini a wannan hannun. Ruwan sha a rana bai wuce rabin lita ba a kan abin da mutum ya fitsarar, a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40. Wannan duk da sauƙi. Mai wuyar shi ne injin yana gari, tafiyar wuni guda daga gida. Sai ta koma masaukin marasa lafiya a ƙasar wasu, inda ko wuta ba ta da ikon hurawa a tsakar gida.

Ta yi ta tsallake wanki. A fayil ana rubuta cewa ba ta bin umarnin likita. Idan aka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, kusan duka sun faɗa kan makoki ne: an yi rasuwa a ƙauye, kuma rashin zuwanta abin kunya ne da zargi wanda ya fi mata kumburin ƙafa ciwo. Da za a tambaya, da an matsar da ranar wankin, an yi mata kafin ta tafi, an shirya wani da zarar ta dawo. Da aka fara yin haka, tsallakewar ta ragu.

Abin da ya ba ta numfashi a shekarun nan nasu ne, ba na gwamnati ba. A shekarar 2000 masu zane na ƙabilar Pintupi suka yi manyan zane aka yi gwanjonsu a Sidni, aka tara fiye da dalar Ostireliya miliyan ɗaya, da kuɗin aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Purple House. A 2004 suka fara wankin ƙoda a Kintore, daga baya suka samu babbar mota mai kujerun wanki biyu da ke zagaya ƙauyuka. Ta dalilin irin wannan Tsohuwa ta riƙa zuwa gida na 'yan makonni. Duk wanda ya gan ta kafin tafiya da bayan dawowa ya san bambancin: ta fi cin abinci, ta fi magana, jininta ma ya fi zama daidai.

A shekararta ta ƙarshe jini ya daina isa ƙafarta ta hagu. Yatsu suka yi baƙi, gyambo ya hau, zuciya ta yi rauni har jininta kan faɗi ana tsakiyar wanki a dakata. Aka kwantar da ita a wani babban asibiti, kuma a nan ne abubuwa suka taru suka lalace, ba don wani ya yi mugunta ba. Likita ya tsaya a kanta da ɗalibai, ya yi bayani da Turanci cewa za a yanke ƙafar, ya tambaye ta ko ta gane, ta ce e. Ko ta yarda, ta ce e. Ta dangwala hannu a takarda. Da asuba aka tarar da gadon babu kowa. Aka rubuta ta fita ba da izinin likita ba.

Wannan "e" ɗin ba yarda ba ce. Mutanenta suna faɗinta ga mai iko don a rabu lafiya, domin musa wa baƙo a fuskarsa rashin ɗa'a ne. Ba a kira tafinta ba, alhali yankin Arewa na Ostireliya yana da hukumar tafintoci na harsunan 'yan asali, ana iya samunsu ko ta waya. Wanda aka sa ya fassara kuwa mijin 'yarta ne, don shi ya kawo ta kuma sunansa ne a fayil a matsayin makusanci. Tsakanin mace da mijin 'yarta a al'adarsu akwai kunyar da ta fi tamu ta surukai tsanani: ba sa haɗa ido, ba sa magana kai tsaye, ba sa zama ɗaki ɗaya idan da hali. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bango, bai fassara ko rabin maganar ba, kuma ba zai iya ba. Da daddare namiji ne ya zo sauya mata kunzugu. Ɗakin yana bene, na'urar sanyaya ɗaki tana busawa, an ce baƙi biyu kawai za su shiga. Shiru da sunkuyar da kai da ta yi aka ɗauka rashin fahimta ne, alhali ladabi ne, kuma tana jiran a ba ta lokaci ta yi tunani.

A kan irin wannan ne wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Maori a Niyuzilan, Irihapeti Ramsden, ta kawo batun aminci ta fuskar al'ada a ƙarshen shekarun 1980, kuma tun 2018 yana cikin ƙa'idojin aikin ma'aikatan jinya a Ostireliya. Jigonsa ɗaya ne: mara lafiya da danginsa ne ke da ikon cewa kulawar ta yi musu aminci ko ba ta yi ba, ma'aikaci ba shi ke yanke wannan hukunci ba. Ni a ganina wannan ya fi haddace jerin al'adu muhimmanci, domin harsuna da al'adun 'yan asalin ƙasar suna da yawa ƙwarai, abin da ya dace a hamada ba lallai ya dace a tsibiran arewa ko a unguwannin Sidni ba. Tambaya ake yi, a kuma tambayi wanda ya dace.

Jami'ar hulɗa da 'yan asali ta asibitin, ita ma Ba'aborijiniya, ita ta gano ta a gidan wata 'yar'uwarta a gefen gari, kwance kusa da wuta. Ba ta ce mata ta dawo ba. Ta zauna a gefenta, ba gaba da gaba ba, suka yi hirar dangi da ta ruwan sama, sai can ta tambaye ta su wa ya kamata a kira. Tsohuwa ta lissafa: ƙanenta namiji da ke ƙauye, 'yar'uwarta, 'yarta ta biyu, da wata mata da a takarda ba ta da alaƙa da ita amma a tsarin danginsu ita ke da hakkin magana a kan jikinta. Tara su ya ɗauki kwanaki, kuma a cikin kwanakin an ci gaba da wanki, domin da an daina da lokacin ya ƙare kafin su iso.

An yi taron a waje ƙarƙashin bishiya, kowa a ƙasa, har likitar ƙodar. Maza a gefe, mata a gefe, surukin can nesa inda zai ji ba tare da ya gani ba. An zaɓi tafinta mace wadda ba ta cikin dangin da za su ji nauyin faɗin maganar, kuma an zauna da ita tun kafin taro an gaya mata abin da za a tattauna, don ta ce ko za ta iya. Ba a furta kalmar mutuwa ba, su kan ce mutum yana ƙarasawa, mu ma haka muka ce. Likitar ta zana ƙafa da zuciya a takarda, ta ce ko an yanke ƙafar zuciyar ba lallai ta ɗauki aikin ba, injin ma ya fara gajiyar da ita fiye da yadda yake taimakonta. Ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo, kuma babu wanda ya cike shi, wannan kuwa sai an koya. Maimakon a ce kin gane, sai aka roƙi 'yarta ta maimaita da bakinta abin da ta ji. Daga ƙarshe Tsohuwa ta yi magana a taƙaice, tafinta ta juya: ba za a yanke ta ba, da jikinta cikakke za ta koma, a mayar da ita ƙasarta.

Akwai abu ɗaya da dole a faɗa da ƙarfi a irin wannan taro, kowa ya ji. A wurinsu mutuwa ba ta cika zuwa haka kawai ba, akan nemi wanda ya jawo ta, kuma zargi yana iya kai wa ga ramuwa. Idan 'ya ɗaya ce ta sa hannu a takardar dakatar da wanki, ana iya cewa ita ta kashe uwarta. Saboda haka likitar ta ce a gaban kowa ciwon ne ya kai ƙarshe, babu laifin kowa, babu wanda ya yi sakaci, kuma shawarar ta Tsohuwa ce da ta likitoci. An rubuta burinta a takardar wasiyyar jinya da dokar yankin ta 2013 ta tanada, aka karanta mata da harshenta. Ƙanen nata ya nemi a kawo ngangkari, mai maganin gargajiyarsu, aka kawo. Ya shafa cikinta da bayanta, ya ce ruhinta ya gusa daga mazauninsa ya mayar da shi. Ta yi barci mai kyau a daren. Aikinsu sananne ne a yankin, ƙungiyar matan 'yan asalin hamadar da ake kira NPY ma tana ɗaukarsu aiki, kuma ban taɓa ganin ya yi karo da namu ba.

Daga nan sai shiri, kuma a nan ne buri irin nata ya fi mutuwa. Wanda ya daina wankin ƙoda kuma ba ya fitsari, galibi kwana 7 zuwa 10 ke gabansa, wani ya fi haka idan ƙodar tana ɗan aiki. Duk abin da ba a shirya ba kafin wanki na ƙarshe, daga cikin waɗannan kwanaki za a cire shi. Na ga mutanen da aka tsaya neman mota ko sa hannun wani har suka yi nauyin da ba za a iya ɗaukarsu ba, suka rasu a gadon da suka roƙa kada su rasu a kai. Don haka aka jera komai da baya: ranar tafiya tukuna, wanki na ƙarshe da yammacin jajibiri a cire ruwa gwargwadon yadda jininta zai ɗauka, don kada numfashi ya sarƙe a hanya. Jirgin likitoci yana fifita masu gaggawa, ana iya ɗage tafiya a kowane lokaci, ita kuma jirgi ne ya tafi da ɗanta. Aka zaɓi mota mai ƙarfi aka shimfiɗa katifa biyu a baya. Hanyar ƙasa ce mai gargada, ruwan sama na dare ɗaya yana rufe ta, sai da aka bugo waya ƙauyen da safe aka tabbatar a bushe take. Aka ba ta maganin ciwo rabin awa kafin a ɗaga ta, aka tallafe ƙafar da matasai, aka riƙa tsayawa.

Maganin ma sai an zaɓa. Mofin, wanda shi aka fi sani, ba ya dacewa da mai gazawar ƙoda, domin ragowarsa tana taruwa a jini ta kawo fizgar jiki da ruɗewa da barcin da ya wuce kima. Fentanil aka yi amfani da shi don ciwo da sarƙewar numfashi, midazolam don firgita da fizga, haloferidol kaɗan don tashin zuciya. Ana zuba na awa 24 a sirinji ɗaya, a ɗora a wata ƙaramar na'ura mai batir da ke tura shi a hankali ta siririn bututu a ƙarƙashin fata. Ana sa bututun a saman ƙirji ko damtse, ba a wurin da ya kumbura ba don maganin ba zai shiga jiki ba, ba kuma a hannun wanki ba. Ana sa na biyu a ɗaya gefen don ƙarin allura idan ciwo ya taso tsakani. Abubuwan da ke lalacewa sanannu ne: batir ya mutu babu na canji, bututu ya lanƙwashe a ƙarƙashin bargo, wurin allura ya yi ja ya taurare, ƙura ta shiga, yaro ya danna maɓalli. Saboda haka na'urar tana cikin akwati mai makulli a cikin jakar yadi, ana duba ta safe da yamma, ana auna abin da ya rage a sirinji a gwada da awannin da suka wuce. Aka tafi da maganin mako biyu, domin ƙaramin asibitin ƙauye ba ya ajiye irinsa da yawa, kuma a can aka kulle shi, ba a gida ba, saboda zafi da kuma tsaro.

A birane akan koya wa dangi su yi ƙarin allurar da kansu. A nan mun tambaya, 'yarta ta girgiza kai. Wanda ya yi allurar ƙarshe shi za a nuna. Aka bar wa ma'aikatan jinya, dare ko rana, kuma tun ranar farko aka buɗe na'urar a gaban dattawa aka nuna musu cewa ciwo take kwantarwa, ba kwana take ragewa ba. Duk lokacin da za a yi allura ana faɗa da murya, a gaban mutane. Wutar lantarki a gidajen ƙauyukan nan ta kati ce, idan kuɗi ya ƙare ta ɗauke, firji da fanka da injin iskar oksijin su tsaya. An sayi katin da zai wuce kwanakin. Likita ya rubuta wasiƙa cewa rasuwar ana sa ranta kuma shi zai ba da takardar shaida, aka ajiye kwafi a ƙaramin asibitin, aka sanar da 'yan sandan yankin tun da wuri. Idan ba a yi haka ba, rasuwar gida tana iya zama abin bincike, a zo da motar 'yan sanda, a tafi da gawa a yanka don gano dalili, wanda ga matar da ta ƙi a yanke mata ƙafa babu cin amanar da ya fi shi.

An kai gadon asibiti, ba ta hau ba. A ƙasa ta kwanta, a kan katifa a barandar gidan, fuskarta tana kallon tsaunukan yamma, wuta a gefe, karnukanta uku a jikin ƙafafunta. Mun bar karnukan, muka rufe gyambon da kyau, muka ɗaga bututun sama da inda za su taka. Jinya a ƙasa durƙuso ne, mun durƙusa. Warin gyambo yana korar masu dubiya kuma yana kunyata mara lafiya, don haka ana shafa metronidazol a kai a rufe da bandeji mai gawayi, ba a kankare shi tunda ba warkewa ake nema ba. Ƙaiƙayin da gazawar ƙoda ke kawowa, matan suka riƙa shafa mata man da suke haɗawa da ganyen daji, ya yi aiki tare da namu. Wanka da sauya kunzugu mata kaɗai, a bayan bargon da aka rataya. Ana juya ta duk bayan awa biyu zuwa huɗu.

Dokar abinci ta faɗi. Ta sha shayi mai zaƙi a babban kofin ƙarfe, abin da aka hana ta shekaru, ta tsotsi wutsiyar kangaru da aka gasa a toka. A rana ta uku, da sauran ƙarfinta, aka ɗauke ta a mota zuwa kwarmin dutsen da aka haife ta. Ba mu bi su ba, sha'anin mata ne na danginta, mun ƙara mata magani kafin su tashi muka jira. Abin da aka gaya mana kawai shi ne ta rera abin da ya kamata ta rera, jikokinta mata sun karɓa.

Mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyuka masu nisa, wasu daga hayin iyakar jiha, har tsakar gidan ta cika da barguna. Wannan taron da asibiti ke gani a matsayin cunkoso, a wurinsu wajibi ne, wanda bai zo ya gan ta ba zai sha tambaya. Da yamma matan suna rera waƙoƙin coci da harshensu, domin yawancinsu mabiya ɗariƙar Lutheran ne. Daga rana ta biyar barci ya fi yawa. Muka gaya wa 'yarta da 'yar'uwarta tun kafin su gani abin da zai zo: za ta daina ci da sha kuma ba yunwa ce za ta ɗauke ta ba, numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, maƙogwaro zai yi gargara, hannu da ƙafa za su yi sanyi. Ba a ɗura mata ruwa, ba a yi ƙarin ruwa ta jijiya, don jikin da ba ya fitsari a huhu zai tara shi. Ana jiƙa leɓɓa da auduga kawai, a kwantar da ita a gefe idan gargarar ta taso. Wanda aka gaya wa tun da wuri ba ya firgita ya ce a kira jirgi a daren ƙarshe.

Ta ƙarasa a rana ta tara, da hantsi, 'yar'uwarta na riƙe da kanta. Kuka ya tashi gaba ɗaya, mai ƙarfi, mata suna faɗuwa a kan juna. Ma'aikacin da bai saba ba yakan so ya lallasa ko ya kira taimako, abin da ya dace shi ne ya ja baya ya sunkuyar da kai. Wasu sukan ji wa kansu rauni a ka don baƙin ciki, mun riƙe bandeji a kusa, muka ɗaure wa wanda ya nema ba tare da faɗa ba. Sai da dattijuwar da ke da hakkin jikinta ta yi mana alama muka matsa, muka tabbatar da rasuwar, muka rubuta lokaci, muka tsayar da na'urar muka cire bututun. Ba mu taɓa gashinta ko tufafinta ba sai da muka tambaya.

Kafin la'asar dangi sun bar gidan sun koma sansanin makoki a gefen ƙauye, sun shafa farar ƙasa, wasu sun aske gashi. Gaisuwar ta'aziyya miƙa hannu ce a hankali, ba a magana, ba a haɗa ido. A ƙaramin asibitin muka goge sunanta daga allo, muka sauke hoton da take ciki, muka sanar da masaukin da ta zauna a gari da sashen wankin ƙoda su yi haka, kuma kada a aika wasiƙar alƙawarin ganin likita da sunanta, kuskuren da kwamfuta ke yi idan ba a rufe fayil ba. Jana'iza a can takan ɗauki makonni kafin a tara kowa, ƙauyuka da yawa kuma ba su da mutuware, don haka an riga an shirya inda za a ajiye ta da wanda zai biya kuɗin dawo da ita, da taimakon majalisar filayen 'yan asali ta yankin.

Katifa da barguna ba su dawo ba, kuma ba mu tambaya ba, an san kayan da mamaci ya kwanta a kai ba a sake amfani da su. Gadon da na'urar da injin iskar sai da matan suka share gidan da rassan itace aka yi masa hayaƙi, sannan ƙanenta ya aiko cewa a zo a ɗauka. Ragowar fentanil da midazolam mu biyu muka ƙirga, muka sa hannu a littafin magunguna, aka mayar da su kantin maganin asibiti a gari.